Masaga na Bida a Littafin Nadel

Cikin 1942 S. F. Nadel ya fitar da littafinsa a kan Nufawa, A Black Byzantium, bayan ya zauna ƙasarsu tsakanin 1934 da 1936. A ciki akwai labarin Masaga, watau masu aikin gilashi na Bida, masu yin mundaye da duwatsun wuya.

A nan Baturen ya yi abin yabo. Ya nuna yadda sana'ar ke hannun unguwa guda, ƙarƙashin shugaba guda, da yadda akan dafa yashi da kanwa har su zama baƙin gilashin nan da suke kira bikini, da kuma yadda aka koma narka kwalaben Turai.

Amma fa wajen asali sai mai karatu ya yi hattara. Masaga sun ce kakanninsu daga Masar suka fito, shi kuwa ya rubuta. Wannan ba laifi ba ne, mu ma ai daga Bagadaza muke ɗauko Bayajida. Kuskure shi ne a ɗauka ke nan baƙar fata bai san gilashi ba sai da aka kawo masa. Tun 1910 Frobenius ya tono tukwanen narka gilashi a Ife. A 2011 da 2012 kuma Abidemi Babalola ya haƙa Igbo Olokun, ya sami dubban duwatsu. Da aka auna su, aka ga a can aka haɗa gilashin, tsakanin ƙarni na 11 da na 15.