Ƙafar da Ta San Dutse

Mutumin Bakura ko na Talata Mafara, da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa idonsa ya saba: fadama, gonakin shinkafa, da magudanan ruwan da suka taso daga madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, cikin ƙasar Maradun. Amma in ya kama hanyar Gusau, ya wuce Mayanci ya doshi Maru, sai ƙasa ta soma sauya hali. Duwatsu su fara leƙowa daga cikin gonaki, ƙanana da farko, sannan manya. A ƙasar Maru tsaunukan Kanoma suke. Gaba da Gusau kuma, a kan hanyar Tsafe, ga Dutsen Kwatarkwashi nan tsaye, gari na kwance a gindinsa. Matafiyi yakan hango su ta tagar mota, ya ce Allah mai iko, ya wuce abinsa.

Akwai kuwa mutanen da waɗannan duwatsu wurin neman abincinsu ne: mafarauta, makiyayan awaki, masu ɗibar zuma, masu neman saiwa da sassaƙen magani, da matan da ke saukowa da damin itace a ka ta inda baƙo ba zai iya bi ba ko da hannuwansa biyu a sake. Mutum ya tashi bayan asuba, ya hau har doron tsauni, ya bi tsawonsa, ya sauko lafiya kafin rana ta faɗi, wannan ba aikin ƙarfi ba ne kawai. Ilimi ne, kuma ina ganin bai samu girmamawar da ta kamace shi ba.

Sai an fahimci dutsen kafin a fahimci gwanin. Masana ilimin ƙasa sun ce irin wannan dutse a can ƙarƙashin ƙasa ya daskare, shekara kusan miliyan 600 da suka wuce, daga baya ruwa da iska suka kwashe abin da ya lulluɓe shi, suka bar shi tsirara. Yana ɓarewa ne fallaye-fallaye kamar albasa, shi ya sa samansa yake a dunƙule, gefensa kuma yake ƙara tsayuwa yayin da ake kusantar ƙasa. Wannan siffa ita ce ke yaudarar baƙo sau biyu. Yana hawa ba ya ganin ƙololuwa, duk tudun da ya hango sai ya ɗauka ya iso, ya isa kuma ya tarar da wani a gabansa. Hangen Dala ba shiga birni ba. Yana saukowa kuma ba ya ganin gindi, gangaren da ya fara da sauƙi yana iya ƙarewa a bakin wani tsayayyen bango.

Gwani tun daren jiya yake fara hawansa. Zai sanar da mutanen gida ta inda zai bi da lokacin da za a sa ran dawowarsa. In da baƙi zai tafi, sai an gai da mai gari, an nemi Sarkin Baka, domin dutse yana da masu shi, kuma akwai wuraren da mutanen gari ba sa son a taka. Yana kuma zaɓen lokaci. Da damina falalen dutse in ya jiƙa, gansakuka ta farfaɗo, santsinsa ba ya jin magani, ga tsawa da ke neman wuri mafi tsawo. Da bazara, a watan Maris da Afrilu, zafi kan haura digiri 40, dutsen ya sha rana har ba a iya dafa shi. Lokacin hawa shi ne daga ƙarshen kaka zuwa cikin hunturu, Nuwamba zuwa Janairu, kuma wanda ke son hangen nesa gara ya riga hazo.

Turawa masu hawan tsauni suna da wani lissafi da wani mutumin Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Lissafi ne mai amfani, amma don ƙasar sanyi aka yi shi, inda akwai turba. A nan, cikin rana da sarƙaƙiya, ni dai zan ce a ninka shi. Mafarauci ba ya riƙe agogo, amma nasa lissafin ya fi tsauri: da hantsi a kasance a sama, in inuwar mutum ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa a juyo, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Ya san cewa a ƙasarmu tsakanin faɗuwar rana da duhu ko rabin awa ba a yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne tafiyar kanta. Samari sukan taso da gudu, su wuce tsoho suna dariya, kafin a kai rabi ka same su zaune suna haki. Shi kuwa gajeren taku yake yi, iri ɗaya, numfashinsa na tafiya tare da ƙafarsa, har yana iya hira bai sarƙe ba. Ba ya fuskantar hayi kai tsaye. Yakan karkata dama, ya karkato hagu, hanya ta ƙara tsawo amma cinya ta huta. In zai tsaya, tsayuwar kaɗan ce, a tsaye, kafin jiki ya yi sanyi.

A kan falale ake gane wanda ya iya. Tsoro yakan sa baƙo ya kwanta wa dutsen, ya manna ƙirji, ya miƙa hannu yana lalube, ya dogara da yatsun ƙafa. Nan take nauyinsa ya bar kan ƙafa, takalmi ya fara zamewa. Dubi ƙafar tsohon mafarauci a wuri guda. Takalmin taya ne, ya ɗaure shi tamau. Yana ajiye tafin gaba ɗaya, diddige har ƙasa, yana neman ɗan kwarmi ko ƙurjin da ƙwayoyin dutsen suka yi, wanda ido da ƙyar yake gani. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙugu a bisa diddige, jiki a miƙe, dutsen na gabansa da tazarar hannu. Sai ya danna, ya ji ta kama, sannan ya ɗaga ɗayar. Za ka ji yana ce wa na bayansa da harshen Zamfara: "Ɗiyana, aje ƙahwa duka, kak ka yi sanɗa. Tashi tsaye, dutsi ba ya son mai rungumar shi." Inda wuri ya yi tsaye har sai an sa hannu, gaɓa ɗaya kawai yake motsawa, sauran ukun na riƙe.

Sandarsa ma ba ta dogarawa ba ce kaɗai. Kafin ya taka wani falle sai ya ƙwanƙwasa shi. In ƙarar ta fito a dunƙule, dutsen a haɗe yake. In ta yi amo irin na abu mai rami a ciki, fallen ya rabu da uwarsa, sai a kewaye. Da sandar yake bugun ciyawa kafin ya ratsa, kuma ba ya taɓa zura hannu cikin tsaguwar da bai ga cikinta ba. Kububuwa tana son irin wannan wuri, kuma ita ce macijiyar da ta fi kashe mutane a Arewacin Nijeriya. Kasa kuma ba ta gudu, kwanciyarta take yi. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a hana mutumin motsi a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji.

Itatuwan dutse duk ya san halinsu. Saiwar baure da ta kutsa cikin tsaguwa ana iya amincewa da ita bayan an gwada. Reshen ararraɓi da na kukuki ba abin rataya nauyi ba ne. Tinya da ƙerana ko kusa, domin ƙaya gare su, kuma nononsu in ya shiga ido ya zama wata masifar. Kunnensa kuma yana buɗe. Gunjin ƙudan zuma daga wani kogo ya isa ya sa a sauya hanya cikin shiru, shi ya sa yake hana baƙo fesa turare da safe, yake hana ihu. Wanda zuma ta taso wa a kan gangare ba shi da wurin gudu.

Duwatsunmu ba su kai tsawon da iska ke yi wa mutum ƙaranci ba. Ciwon da ƙarancin iska ke jawowa yawanci sai an haura mita 2,500 yake soma kama mutum, alhali tsauni mafi tsawo a Nijeriya, Gangirwal na jihar Taraba, mita 2,419 ne, na Nijar kuma, a tsaunukan Bagzan cikin Azbin, mita 2,022. Abokin gabar mai hawa a Zamfara ƙishirwa ce. Mai aiki cikin zafi yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya. Don haka gwani kurɓa yake yi akai-akai tun bai ji ƙishi ba, kuma rabin ruwansa na dawowa ne, ba ya taɓa shi a hanyar zuwa. Guzurinsa mara nauyi: ƙuli-ƙuli, dabino, aya, ɗan dunƙulen fura. Lita uku ga mutum ɗaya ba ta yi yawa ba, kuma yana da kyau a zuba wa lita ɗaya ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan da ya kwanta a kwarmin dutse na dabbobi ne, sai in an rasa yadda za a yi. In salla ta riske su a sama kuma ana tsoron ƙishirwa, malamanmu na Malikiyya sun halatta taimama, kuma a kan dutsen ma tana yiwuwa.

Doron tsauni wata duniya ce. Iska na kaɗawa, gonaki sun zama ƙyalle-ƙyalle, agwada na tsere tsakanin duwatsu, manyan tsuntsaye na shawagi daidai da fuskar mutum. Kwatarkwashi ma an san ta da tsohuwar al'adar kamun maiki, wadda ba mai yin ta sai wanda ya san dutsen ciki da waje. A kan duwatsu da yawa na ƙasar Hausa, har da Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, mai lura zai ga tsingaron tukwane da kwarmin da niƙa ya bari a jikin fa. Mutanen Kanoma na da a bisa dutse suka zauna saboda yaƙi. Kenan hanyoyin da mafarauci ke bi yau, kakanni mata sun bi su da tulu a ka. A kan doron, gwani yana bin tsakiya, ba ya barin kowa ya matsa baki don ɗaukar hoto, kuma in ya ga hadari ya haɗo, ko loma ce a hannunsa, sauka za a yi.

Saukowa ita ce jarrabawar. Ƙafa ta gaji, gwiwa na rawa, hankali ya riga ya tafi gida. Amma gwani tun yana hawa yake shirya ta. Za ka ga kowane ɗan lokaci yana waiwaye, ka ɗauka na baya yake dubawa. Hanya yake haddacewa ta fuskar da zai gan ta in ya juyo, domin dutse kamanninsa biyu ne, na mai hawa daban, na mai sauka daban. A mararraba yakan ɗora ƙananan duwatsu uku, ko ya ƙulla kan ciyawa. In an juyo, ta inda aka hau ta nan ake sauka. Duk wata gajerar hanya da ta yi kyau daga sama, ba ya yarda da ita, don ya san yadda gefen dutsen ke ɓoye ƙarshensa. Yana sauka a karkace, taku gajere, sanda a gaba. Inda ya yi tsaye sai ya juya ya fuskanci dutsen, ya sauka da baya. A wurin tsakuwa ba ya barin wani ya tsaya daidai ƙasan wani, kuma duk wanda ya tunkuɗo dutse dole ya ɗaga murya. Mai rauni a tawaga a bayansa yake sa shi, takun kowa kuma da nasa ake auna shi. Alhazan da suka taɓa hawa Jabalun Nur don ganin Kogon Hira za su shaida cewa ko da matakala, gangarowar ce ke cin gwiwa.

A wasu ƙasashe wannan ilimi sana'a ce mai lasisi. A Tanzaniya ba a barin kowa ya hau Kilimanjaro, mai mita 5,895, sai da ɗan jagora mai rajista, kuma gidaje da yawa da wannan suke ci. Namu gwanayen ba su da takarda, amma abin da ake koya wa waɗancan a aji, na taku da ruwa da lokacin juyowa, su a wurin iyayensu suka ɗauka.

Abin da ke damuna shi ne sarƙar tana tsinkewa. Shekaru fiye da goma ke nan rashin tsaro ya raba mutanen Zamfara da dajinsu. Dajin Sububu da ke ƙasar Maradun, sunansa kawai ya isa, kuma duwatsu da dama sun zama mafakar 'yan bindiga. Mafaraucin da ya kamata a ce yana gaba ɗansa na biye, yau ko gonarsa ta bayan gari sai ya yi shahada yake zuwa. Yaron da bai taka falale yana shekara 10 ba, da wuya ƙafarsa ta koya yana 30.

Don haka ba na ce wa kowa ya ɗauki jaka ya nufi Kanoma ko wani dutse gobe ba. Kada wanda ya hau sai mutanen garin da jami'an tsaro sun tabbatar masa da lafiyar wurin, kuma sai da ɗan gari a gaba. Amma akwai aikin da ba ya jiran zaman lafiya. Tsofaffin nan suna raye, suna zaune a ƙofar gida a Maradun da Maru da Kwatarkwashi. Ɗalibanmu na Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara da na Jami'ar Tarayya ta Gusau, ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku ce Baba a ba mu labarin dutse. Ku naɗi muryarsu a waya, ku rubuta sunan kowace hanya da kowane kogo da kowace maɓuɓɓuga, tun masu sanin suna nan.