Ina Hanya Ta Shiga a Rubuce-rubucenmu?

Duk wanda ya yi nazarin ƙagaggun labaran da matasan marubutanmu ke fitarwa zai lura da wata al'ada da ta zama ruwan dare. Marubuci zai ɗauki tauraronsa daga Gusau ya nufi Legas da shi, amma tafiyar duka ba ta wuce jimla ɗaya, wato sun tashi da asuba, sun isa lafiya. Daga nan sai a shafe shafi uku ana bayanin kujerun falo da launin labule. A ganinmu wannan babban naƙasu ne, domin hanyar da aka tsallake ta fi falon da aka tsaya a ciki abin faɗa.

Ba wai adabinmu bai san labarin tafiya ba ne. Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Landan a 1855, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa, Schön ya buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano kuma ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Sai dai dukansu ƙasar Turai suka leƙo mana. Da alama daga nan muka ɗauka cewa sai an haye teku tafiya ke cancantar alƙalami, ta gida kuwa kowa ya san ta. To, anya mun san ta?

Mu ɗauki hanyar da manyan motocin shanu da na goro ke bi. Matafiyin da ya taso daga Bungudu zai ratsa Gusau, garin da jirgin ƙasa ya iso ya mai da shi kasuwar gyaɗa da auduga. Kafin ya gyara zama sai ga dutsen Kwatarkwashi ya tare masa sama. Gaba kaɗan ga duwatsun Tsafe, ga kuma 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai tun kafin jihadi. Daga Funtuwa a gangara Birnin Gwari da Tegina da Makwa, a haye Kwara a gadar Jaba. Sannu a hankali kuka da ɗorawa da kaɗanya za su ja baya, kwakwar manja da koko da goro su karɓe su, ƙasa ta yi duhu da kurmi. A Sabon Ibadan da Shagamu da Agege zai tarar da 'yan'uwansa Hausawa waɗanda kakanninsu suka yi kaka-gida saboda fatauci, kafin ya tsaya a bakin teku a Badagiri yana kallon ruwan da ba a hango gaɓarsa. Wani Bature, Abner Cohen, ya rubuta littafi sukutum a kan Hausawan Sabon Ibadan a 1969. Mu masu abin fa, me muka rubuta?

Kada a ɗauka muna neman marubuci ya jero sunayen garuruwa kamar ɗan kamasho a tasha. Jerin suna ba adabi ba ne. Abin da muke nema shi ne hanya ta yi aiki a cikin labari, ta sauya wanda ya bi ta. Alal misali, yaron Tsafe da bai taɓa fita ba, me zai ji a ransa sa'ad da ya nemi fura a Ogbomosho aka miƙo masa amala? Yaya Hausarsa ta Zamfara za ta kaya da ta karen mota Bakano? Wa zai ba shi masauki, kuma a kan wane sharaɗi? A irin waɗannan wurare ne halin tauraro ke fitowa fili, jigo ya samu ƙafar tsayawa, ba a cikin dogon wa'azin da marubuci kan cusa a bakinsa ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar ta wuce batun salo. Matsalar 'yan bindiga ta sa hanyar Gusau zuwa Funtuwa da ta Birnin Gwari sun zama abin fargaba, har kalmar daji ta koma nufin maɓoyar ɓarayi kawai a kunnen yaranmu. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako. Direbobi da fatake da suka san lokacin da ake tafiyar dare ba tsoro suna tsufa, abin da ke kansu kuwa ba a rubuce yake ba. In ba mu rubuta ba, abin da zai rage wa na baya game da waɗannan hanyoyi shi ne adadin waɗanda aka sace a kansu.

Saboda haka muna kira ga 'yan ƙungiya, musamman masu tasowa, da su nemi tsofaffin direbobi a tashoshin Gusau da dillalan goro da na shanu, su zauna su saurare su da littafi a hannu. Wanda ya samu halin tafiya ya rubuta abin da idonsa ya gani, da sunan itacen, da kuɗin motar, da abin da aka ce masa a shingen hanya. Wanda bai samu ba ya fara da tsakanin Bungudu da Tsafe, domin ko ita kaɗai ta isa babi guda.