Jinjina ga Makiyayan Tamil Nadu

A tsakiyar watan Janairu, rana ta uku ta bikin girbi na Pongal, manoman jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya kan keɓe wa shanunsu yini guda, wato Mattu Pongal. Tun da sassafe ake yi wa saniya wanka, a goge ƙahoninta, a shafa musu launi, a rataya mata furanni da ƙararrawa. Sannan a ba ta shinkafar da aka dafa da madara da mazarƙwaila, ga rake, ga ayaba. Mabiya addinin Hindu na girmama saniya, har uwa suke kiranta.

Ni dai masu hidimar shanun nake jinjina wa, domin wahalarsu ta shekara ce cur. Matar da ke tatsa kafin gari ya waye, ta kwashe kashin shanu ta kai gona taki. Dattijon da ke kwana a garke idan saniya na naƙuda, ya yanko ciyawa cikin zafin watan Mayu. Tarakta ta shigo, amma wasunsu sun ƙi rabuwa da bijimai irin na Kangayam masu jan garma. Ba don haƙurinsu ba, da wannan iri ya ƙara ƙaranci a ƙauyukan.