Mahaifiyar Shaihu Umar da Takarun Makka

Duk wanda ya zauna cikin 'yan'uwanmu Hausawa a unguwannin Shara Mansur ko Misfala a nan Makka, ya ga yadda bayan sallar isha'i ake taruwa a kan waya guda ana kallon wasannin kwaikwayo masu dogon zango da ake sakowa daga Kano, lalle zai lura da wata al'ada da ta yi ƙarfi a 'yan shekarun nan, watau kowa ya zaɓi ɗan wasa guda ya ce wannan ni ne. Ban ga aibu ga asalin al'adar ba, domin hikimar wasa ke nan, mutum ya hangi halinsa a jikin wani ya yi wa nafsinsa hisabi. Abin da ke damuna shi ne wanda ake zaɓa, gama kusan kullum mai dukiya ne ko mai rinjaye, kuma marubutan, da yake sun fahimci haka, sai suka koma sauya wa mutanensu ɗabi'a daga mako zuwa mako, yau salihi gobe azzalumi, don dai labari ya yi tsawo.

Ni kuwa, in za a tambaye ni, a wani tsohon wasa na sami kaina. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar a 1934, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Galibin masu kallo Umar suke so su zama, yaron da Balarabe Abdulkarim ya riƙa kamar ɗansa har ya zama shaihin malami. Amma wadda ta kama zuciyata ita ce mahaifiyarsa, matar da ta bar gida ta bi sawun ɗanta cikin Sahara, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa, duk da haka ba ta saki niyyarta ba, har Allah Ya nuna mata shi gab da ajalinta. Hali guda marubucin ya ba ta, sabati a kan abin da ta fito nema, kuma bai karɓe shi daga gare ta ba ko da a shafi ɗaya.

Wannan hali na san shi a gidanmu. Kakanninmu, waɗanda suka biyo hanyar Sudan a ƙafa bayan yaƙin Burmi na 1903, suna noma a hanya shekara da shekaru kafin su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda, da wannan hali suka iso, wasunsu ma an sayar da 'ya'yansu, tun da ba a haramta bauta a ƙasar Saudiyya ba sai 1962. Kuma na gan shi ga tsohuwa mai sayar da hatsin tattabaru kusa da Harami, wadda igamarta, watau takardar izinin zama, ta ƙare tuntuni, tana ƙulle riyal a gefen mayafi don ta aika wa jikokin da ba ta taɓa gani ba.

Saboda haka ina roƙon marubutanmu na Kano da Kaduna, don girman Allah, su ba kowane ɗan wasa hali tabbatacce, su bar shi ya ɗauki sakamakonsa har ƙarshe. Akwai masu kallonku a Makka, kuma yawancinsu talakawa ne masu haƙuri da ke jiran su ga irinsu.