Talla da Kulle: Ra'ayin Schildkrout a Ma'aunin Ƙasar Yawuri

A shekarar 1978 ne Enid Schildkrout, wata masaniyar al'adu daga Amurka, ta fitar da maƙalarta a kan ayyukan yara a birnin Kano. Abin da ta kawo ba shi da wuyar ganewa. Matar aure tana cikin kulle, amma tana da sana'a, ko suyar ƙosai ko kirɓin fura. Yaro shi ne ƙafarta. Shi zai sayo mata wake da mai, yarinya kuwa ta ɗauki faranti ta zaga unguwa, ribar a tara mata kayan ɗaki. Saboda haka da aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai makaranta ta shiga ja-in-ja da uwa a kan lokacin 'yarta. Lalle bayanin ya yi ma'ana, ya kuma sauke wa iyaye zargin rashin tausayi da a kan ɗora musu.

Sai dai abin da aka gani a cikin ganuwar Kano, shi a ke ɗauka a shimfiɗa bisa Arewa duka. Ƙasar Yawuri ta isa a gwada shi.

A garin Yelwa ra'ayin ya zauna daram, gama akwai kulle, akwai kasuwa, akwai tasha, talla kuwa sai wadda ta ƙaru. Amma da an fita zuwa ƙauyukan Kambari na Ngaski sai ma'aunin ya karkace. Can mace da kanta ta ke zuwa gona, ta kai kayanta kasuwa, ba ta bukatar wakili. Duk da haka yaro bai huta ba: shi ke koran tsuntsu a gonar dawa, shi ke kiwon awaki. Abin da ya fid da shi daga aji damina ce da kaka.

Sha'anin bakin ruwa ya fi wannan zurfi. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibiran Gungawa, aka tashi mutum wajen 44,000 daga Yawuri da Bargu aka sake musu matsuguni. Gungawa, waɗanda suka yi suna da noman albasa na rani a tsibirai, suka koma tudu. Tafkin kuwa ya jawo masunta, Sarkawa da waninsu. A gidan masunci jirgi ba ya tafiya da mutum ɗaya. In uba yana jefa koma, dole a sami mai tuƙi da mai kwarfe ruwa, ɗa kuwa shi ne hannun da ba a biyansa lada. Yarinya na tare da uwa wajen banda. Aikin na dare ne da asuba, gidan kuma yana bin kifi duk inda ya nufa, makaranta tana kafe a tudu. Ko hukumar ilmin makiyaya da aka kafa a 1989 ta gane haka, tun da ta haɗa da 'ya'yan masunta a cikin aikinta. Kulle ba shi da abin cewa a nan.

Sa'an nan ga ramukan zinariya na ƙasar Yawuri, inda yaro ke dakan dutse da wankin ƙasa don a biya shi. Wanda ya tuna da gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ba zai jera wannan da tallan ƙosai ba.

A nan ne harshe ya ke da taimako, maƙalar kuwa ba ta ci moriyarsa yadda ya kamata ba. Bahaushe ya bambanta aike da talla, ya bambanta taya iyaye aiki da ƙodago da aikatau, ya ware bauta can gefe. Kowace kalma tana nuna wanda ya sa aikin da wanda ya ci ribarsa. Yau kuwa a rediyo da takardun hukuma an dunƙule su duka a cikin "bautar da yara". Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce wajen kashi 39 cikin 100 na yaran Nijeriya suna cikin irin wannan aiki, ya rarraba su shiyya-shiyya. Watau ɗan masunci na Warra, da ɗan Shangawa mai kiwo, da mai talla a Yelwa, duk sun zama lamba ɗaya a ƙarƙashin Arewa maso Yamma. Schildkrout dai ta tsaya ta tambayi wanda ke aiken yaron.

Malamin da aka tura Yelwa zai amfana da maƙalar ƙwarai. Wanda aka tura bakin tafki kuwa, gara ya fara da tambayar watan da ruwa ke cika da watan da ya ke janyewa.