Labarin Ɗaki Kulle da Mai Karatun Hausa a Gaya

Edgar Allan Poe ne ya buɗe wannan fage a 1841, Gaston Leroux ya faɗaɗa shi a Faransa a 1907, John Dickson Carr kuma ya tsara ƙa'idodinsa a 1935. Ginshiƙinsa guda ne: an yi kisa a ɗakin da aka kulle daga ciki, kuma dole bayanin ya fito daga hankali kaɗai.

A nan wahalar take ga marubucin Hausa. Mai karatun da ya saba da Ganɗoki da Ruwan Bagaja ba zai ruɗe don ɓarawo ya ɓace ba, layar zana ta ishe shi amsa. Sai marubuci ya fara toshe ƙofar sihiri kafin ƙofar ɗaki ta zama matsala.

Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina (1982) ya kusanci fagen, domin ya ginu kan fasa-ƙwauri. Amma ƙarfinsa yana ga tona asirin masu hali, bai ɗora wa mai karatu aikin warware ƙulli ba.

Gaya tana da kayan aikin: gadar Malanbil, hanyar Kamba, ma'ajin duwan da aka yi wa hatimi, ga Dandanci da Hausa suna cuɗanya. Ya kamata masu shirin yaƙi da jahilci su lura: labarin da ke tilasta wa sabon mai karatu komawa shafin baya neman alama yana hana karatu zubewa bayan an rufe aji.