Tarihin da Ake Leƙawa a Dawo Gida

A shekarar 1992 marubuciyar Amurka Mary Pope Osborne ta fara fitar da jerin littattafan yara mai suna Magic Tree House. Taurarin labarin wa ne da ƙanwarsa, Jack da Annie, waɗanda suka tsinci wata bukka a kan bishiya cike da littattafai. Da zarar sun nuna hoto a cikin littafi sun yi fatan ganin wurin, sai bukkar ta juya da su ta dire su a wancan zamani.

Dabarar ba abar rainawa ba ce. Yaron da haddar shekaru da sunayen sarakuna ta gundura a aji, a nan da ƙafarsa yake ratsa titunan Pompeii, ya ji ƙasa tana girgiza kafin dutsen Vesuvius ya yi aman wuta a shekara ta 79 Miladiyya. Jack ba ya rabuwa da ɗan littafin da yake rubuta abin da ya gani, Annie kuwa kutsa kai take yi ba shawara, kuma bincike yana buƙatar halayen nan biyu.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne bukkar kanta, domin kullum tana nan tana jiransu. Abin da yaran suka je ceto a Pompeii wani rubutaccen labari ne. Sun same shi, sun tsere, toka ta binne mutanen garin a bayansu. Da suka iso gida ma, lokaci bai motsa ba. Mai karatu ya ga bala'i ta taga, bai ɗanɗani ɗacinsa ba, sai ya tashi da zaton cewa tarihi wurin yawon buɗe ido ne.

Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zai fi ganin wannan giɓi. Shi ma yaro ne ya shiga da mu zamanin cinikin bayi, amma sace shi aka yi, aka ƙetara da shi Sahara, babu wata bukka da za ta mayar da shi. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu bautarwa. Ko da suka sadu bayan shekaru, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.